Shekarar da Na'ura Ta Ƙi Yatsuna

Ummi, wannan babin saboda ke na rubuta shi, ko da yake yanzu ba ki san komai ba sai nono da kuka. Na san gidanmu. Kafin ki iya ɗaura zani za ki ji ana cewa lallen Gwaggo Laraba ne ya cinye wa kakarki ido ɗaya. Wani lokaci da dariya za a faɗa, wani lokaci ba da dariya ba. Gwaggo ba za ta kare kanta ba, ba halinta ba ne. Ni ce nake wurin tun daga farko, don haka ga yadda abin ya faru.

A Tudun Wada aka haife ni. Kakan Baba ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, a nan ya mutu, a nan aka binne shi, mu ba mu san wani gari ba. Baba yana da rumfa a kasuwar Katako, Umma tana ɗinki a gida. Shekarar da na gama sakandare gari ya hargitse. Ba zan ba ki labarin rikicin ba, wasu sun fi ni saninsa. Abin da ya kamata ki sani shi ne, ranar ina cikin bas wasu samari suka tare hanya suna tambayar kowa sunansa. Wata mata da ke kusa da ni, wadda ban taɓa gani ba, ta fizge mayafina ta zauna a kai, ta ce musu ni 'yarta ce, ba ni da lafiya, ba na magana. Haka na tsira. Gidanmu ya ƙone, rumfar Baba ta ƙone, muka tattara muka koma gidan yayar Baba, Gwaggo Laraba, a wajen Katako. Tun ranar da na shiga gidan ban ƙara leƙa ko zaure ba. Murfin tukunya in ya faɗi, sai a tsince ni a bayan ƙofa. Wata ya bi wata ina haka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi faɗa, an yi lallashi, duk a banza.

Ana cikin haka ciwon idon Umma ya taso. Dama tana da ciwon suga. Wata safiya tana ƙoƙarin zura zare a allura ta ce tana ganin kamar an saki baƙin labule daga gefen idonta na hagu. Baba ya kai ta asibiti. Likita ya ce wata 'yar fata ce a can bayan ido ta fara saki, na hagun ya yi nisa, na daman ma ya ɗauko hanya, kuma aikin yana son kayan da babu su a nan. Ya ce kada a yi jinkiri. Ƙanen Umma, Kawu Nura, yana zaune a Alƙahira, can ya yi karatu ya samu aiki, shi ya nemo asibiti har aka sa rana. Sai dai likitan ya faɗi abin da ya tsaya wa kowa a rai. Bayan aikin Umma za ta yi kwanaki a kife, fuska a ƙasa, babu ɗaga kai. Sai an ba ta abinci a baki, an kai ta bayi, an ɗiga mata magani a kan lokaci. Kawu ba shi da mata. Gwaggo gwiwa ta hana ta hawa ko dokin ƙofa, kuma ba ta iya karanta rubutun jikin kwalba. Ƙannena duk maza ne, ƙanana. Daga ciki ina jin idon kowa a kan labulen ɗakin da nake.

Umma ce ta ɗaga murya.

"Sakina za ta kai ni."

"Sakinar da ba ta iya zuwa zaure?" in ji Baba.

"Ita dai. Ko ka ga na haifi wata?"

Ni da Umma babu mai fasfo. Baba ya tuna wahalar da ya sha lokacin da zai je Makka, yadda ya yi ta bin wani dillali a ƙofar ofis, fayil ɗinsa ya ɓata aka sake wani, ya ce wannan ranar da aka sa ba za mu same ta ba. Sai aka gaya masa an canza tsari, yanzu fasfo na kwamfuta ne, a intanet ake cike komai. Ya tafi wurin Oga Chidi, tsohon maƙwabcinmu ɗan ƙabilar Ibo, mai shagon kwamfuta a tsakiyar gari. Rabonsu da juna tun kafin rikici. Baba ya ce da ya shiga, mutumin ya taso ya rungume shi. Daga can Oga Chidi ya kira wayar Gwaggo, aka miƙo mini.

"Sakina, kai ne? Faɗa mini ranar haihuwa naka. Kar ka yi kuskure fa, wannan abu in ya shiga ya shiga, ba ya jin haƙuri."

Haka Hausarsa take tun muna yara. Ina zaune a kan tabarma yana tambaya ina ba shi amsa, ina jin ƙarar maɓallai a can. Da yamma Baba ya dawo da takardar da ta nuna ranar da za mu je ofis, da kuma wata da ban yi tsammani ba. Oga Chidi ya kankare wani kati ya shiga intanet ya fito mini da sakamakon jarrabawata ta sakandare. Ni na ɗauka wuta ta cinye shi tare da akwatina. Na ga sunana, na ga darasin lissafin da na sha wuya a kai, komai yana nan yadda na bar shi. Ban san akwai wani wuri da wuta ba ta kai ba. Na yi kuka, amma ba irin kukan da na saba ba.

Komai ya yiwu ban taka ƙofar gida ba, sai abu ɗaya. Hoto da zanen yatsu, dole mutum ya je da kansa.

Ana jibi za mu je, Gwaggo ta aika aka sayo lalle. Ita ce mai ƙunshin unguwarsu tun tana budurwa, babu amaryar da aka kai ba ta bi ta hannunta ba. A wurinta lalle ba ado ba ne kawai. Yana sanyaya jini, yana kwantar da zuciyar da ta firgita, kuma mace ba ta kama doguwar tafiya da farin hannu kamar wadda aka koro.

"Hoton da zai zaga duniya za a ɗauke ki," in ji ta, "ki je musu fari fat kamar ɓararren rogo?"

"Gwaggo, fuska fa za a ɗauka."

"To hannun a gida za ki bar shi? Miƙo nan, sarauniyar bayan ƙofa."

Ta juya kan Umma, Umma ta janye hannunta ta ce, "Majinyaci da ado? Rufa mini asiri, Yaya." Ni kuwa aka kwaɓa, aka shafa, aka naɗe ni da leda da tsumma. Washegari ta maimaita, ta bi da abin baƙantawa, har kan yatsuna suka koma kamar nunanniyar ɗinya. Babu wanda ya ce mana kada a yi. Baba da ya ga hannun ma yabawa ya yi. Kuma ina so ki san wannan, Ummi: ranar da Gwaggo ta riƙe hannuna tana shafawa tana 'yar waƙarta ta amare, a nan kan cinyarta barci ya kwashe ni da rana tsaka, barcin da babu gudu a cikinsa. Rabona da irinsa tun ranar bas. Da ba don barcin nan ba, ban san ko zan iya shiga mota ba.

Baba ya ɗauko tasi. Ofishin yana ɓangaren garin da mutanenmu suka daina zuwa, don haka na kifa kaina a cinyar Umma na rufe ido har muka isa. A ciki akwai dogayen bencina, mai hula da mai sarƙar giciye, mai mayafi da mai wando, duk a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa riƙe da 'yar takarda mai lamba. Lamba ake kira. Na daɗe ban ji daɗin wani abu kamar wannan ba, don ba sai na faɗi sunana a gaban jama'a ba. Aka kira mu wani ɗaki mai sanyi, inda wata mata mai kaki take zaune bayan kwamfuta. Daga baya na san sunanta Madam Kaneng, 'yar Birom ce, haifaffiyar Jos, Hausa a bakinta kamar ta Umma. Ta zaunar da Umma, ta ɗauki hoto, ta ɗora mata yatsa a kan wani ɗan gilashi mai haske. Koriyar wuta ta kawo. Shi ke nan, an gama. Umma ta ce, "Har an yi?" Sai ni. Madam ta ga hannuna ta riƙe baki.

"Iye, amarya! Ina angon?"

"Babu ango, ranki ya daɗe," in ji Baba, "jinya za ta kai uwarta."

Ta ɗora yatsana. Jar wuta. Ta goge gilashin, ta sake. Jar wuta. Ta gwada wannan, ta gwada wancan, ta juyo mini da fuskar kwamfutar in gani. Inda na Umma ya fito da zane-zane kamar kunyoyin gona, nawa baƙin dunƙule ne kawai. Ta ce lallen ya rufe zanen, na'ura ba ta gani. Baba ya cire hula ya matso, ya sassauta murya irin yadda yake yi da manyan masu sayen katako. Ya ce ya san wani oga a sama, ko za a yi masa magana. Ya ce ko a kawo tawada in dangwala a takarda kamar da.

"Alhaji, wallahi ko ogan ogana ya zo ba zai iya ba. Ba ni nake karɓa ba, Abuja take tafiya. In ba ta ga yatsa ba, ba ta buɗe shafi na gaba. Ba ta san ka ba, ba ta san ni ba."

A mota Baba ya yi ta faɗa shi kaɗai. Ya ce a da, da tuni an wuce wurin, mutum yana ganin halin da kake ciki ya tausaya, wannan kuwa ƙarfe ne, ba ya jin salati. Da muka isa gida Gwaggo ta ji, ta shiga madafa ta fito da lemun tsami da toka da dutsen goge kaushi. Muka yi ta dirza. Maƙwabta suka shigo kowa da nasa maganin, wannan ta ce kanwa, waccan ta ce kananzir. Baƙin ya ɗan dushe, amma fatar ta kumbura ta fara saɓulewa. Da muka koma, Madam ta kama hannuna ta juya shi, ranta ya ɓaci.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika? Da lalle ne kawai, yanzu kun haɗa da gyambo. Ki daina dirza. Kada ki taɓa sabulu, kada ki taɓa wanke-wanke. Ki shafa mai, ki bar fata ta sake. Ki riƙa zuwa da sassafe muna gwadawa, ba sai kin bi layi ba."

A wannan makon fasfon Umma ya fito. Baba ya yi ta juya shi a hannu, ya ce shi dai bai san kowa ba, bai bi kowa ba, bai gaishe da kowa ba, ga shi kuma a hannunsa. Ya rasa ko ya yabi na'urar ko ya tsine mata. Ni ma har yau haka nake. Rashin sanin mutum da ya sa ta ba Umma nata ba tare da an tambaye mu daga ina kakanmu ya zo ba, shi ne dai ya sa ta ƙi sauraron Baba a kan nawa.

Ranar asibiti ta matso, yatsuna ba su warke ba. Kawu Nura ya bugo waya ya ce likita zai iya ɗaga ranar, amma ya ce a gaya mana ido ba ya jira. Bayan la'asar Baba ya zauna a bakin ƙofar Umma, ni ina ciki ina jin su.

"Ki tafi, Nura zai tare ki. In na Sakina ya fito ta biyo ki."

"Nura ne zai kai ni bayi? Yaron da na goya?"

"Lalura ce, Hajara. Akwai ma'aikatan jinya."

"Da wane baki zan yi musu magana? Kuma kai ka san in na tafi na bar yarinyar nan, babu wata biyowa. Ɗakin nan za ta koma, a nan za ta tsufa. Saboda ni take fita. A ɗaga ranar."

"Idonki fa?"

"Idona ne ai. Na ce a ɗaga."

Gwaggo tana gefe tana tsince shinkafa, hawaye yana ɗiga a cikin faranti. Daga ranar ta karɓe duk aikin da nake yi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta durƙusa tana wanke tukwane, tana wanke har kayana, in na miƙa hannu ta buge shi. Safe da yamma ta shafe mini yatsu da man kaɗe ta naɗe da tsumma mai laushi. Har tuwo ita take ba ni a baki, tana cewa, "Buɗe, gimbiya, hannun gwamnati ba ya taɓa miya."

Sai tafiya ta kama Baba zuwa Abuja neman bizar Umma. Babu mai raka ni. Na kwana ina cewa ba zan iya ba, da safe na ji Umma tana laluben butarta a tsakar gida, ta yi karo da turmi. Na ɗauki mayafi. A bakin titi ƙafafuna suka riƙe, bas ya tsaya, yaron mota yana dukan ƙofa.

"Hajiya, shiga ko matsa, ba hoto muka zo ɗauka ba!"

Na shiga. Na zauna kusa da ƙofa, na ƙudurta in na ga taro a gaba zan dira ko motar tana gudu. Duk inda aka rage gudu sai in leƙa ta taga. Wata mata mai kwandon tumatir ta ce in riƙe mata jakarta, na riƙe, ina jin zufa tana bin bayana a cikin sanyin Jos. Babu abin da ya faru. Mutane suna ta cinikinsu, 'yan makaranta suna tsallaka titi, wani yana wanke acaɓarsa a daidai inda na ɗauka duniya ta ƙare. Na sauka a ƙofar ofis, na jingina da bango har numfashina ya dawo.

Ranar babu netwok. Madam ta ce tun safe layin Abuja ya yanke, a zauna a jira. Muka jira har azahar, aka ce a dawo gobe. Wata rana kuma wuta ce babu, janareto babu mai. Wata rana komai yana aiki, yatsana ne ya ƙi. Na zama 'yar gida, masu gadi suna ganina sai su ce amarya ta iso. A benci na saba da wani tsoho manomi daga wajen Pankshin, ɗansa ne yake so ya kai shi ziyara Urushalima. Shi ma na'ura ta ƙi shi, fartanya ta shafe masa zanen yatsu tas.

"Ni noma ya cinye nawa, ke kwalliya," in ji shi. "Gwamnati ba ta son mai aiki, ba ta son mai ado. Sai malalaci mai laushin hannu."

Duk bencin aka kwashe da dariya, har da ni. Na ji muryata a cikin ta mutane, na yi mamaki. Amma tsohon ya ba ni tausayi, don ni tawa fatar za ta sake, shi tasa ta tafi ke nan, kuma daga nesa yake zuwa. Daga baya na daina ganinsa. Ban san yadda aka ƙare da shi ba, har yanzu yakan faɗo mini a rai.

Wata safiya ina zaune gaban Madam, aka tayar da janareto a bayan taga, ya yi wata ƙara kamar harbi. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin teburinta ba. Na dunƙule a cikin wayoyi, haƙorana suna haɗuwa. Na ji ta sallami wanda ke bakin ƙofa, ta rufe. Ba ta jawo ni ba. Ta sauko da kakinta ta zauna a ƙasa kusa da ni har na ɗan lafa.

"A ina ya same ki?" ta ce.

"A bas."

"Ni a gida. Ƙanena bai fita ba. Kin ce daga Katako kike zuwa? Rabona da can tun lokacin. Akwai wata mai masa a bakin kasuwa, tun ina 'yar makaranta nake saye a wurinta. Wallahi har mafarkinta nake yi. Amma in na doshi wajen sai ƙafata ta ƙi. Ke kin fi ni, kina tsallakowa kullum."

Ban taɓa zaton mai kaki tana jin tsoro ba. Ban kuma taɓa zaton akwai wanda yake tsoron unguwar da ni nake ɓuya a cikinta ba. Muka fito daga ƙarƙashin tebur, ta karkaɗe siket ɗinta ta ce in wani ya ji wannan labari za ta ce ƙarya nake yi.

Ranar da abin ya yiwu ba ta bambanta da sauran ba. An yi ruwa da asuba, hannuna ya yi sanyi. Madam ta ce in murza tafukana su yi ɗumi, in goga yatsa a gefen hancina ya ɗan samu maiƙo. Har lokacin akwai jan lalle a farcena, amma fatar sabuwa ce. Ta ɗora, ta danna da nata yatsan a kan nawa. Jar wuta. Ta ce kada in motsa, kada in yi numfashi. Sai ga kunyoyin nan sun fito a fuskar kwamfuta, siri-siri, kamar an zana da allura. Koriya. Madam ta buga tebur ta yi guɗa, guɗa sosai irin ta gidan biki, har wani ofisa ya leƙo yana tambaya lafiya. Ta ce, "An ɗaura auren amarya!" Ta yi sauri ta tura kafin layi ya yanke, muka zuba wa allon ido har ya nuna ya tafi. Ranar da na je karɓar fasfon na kai mata masa a cikin kwano, Gwaggo ce ta aika aka sayo a bakin kasuwa. Ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin, ta juya mini baya ta daɗe tana gyara wasu takardu.

Mun isa Alƙahira bayan ranar farko da aka sa da kusan wata guda. Likita ya duba ya ce na hagun ya riga ya tafi, na daman za a yi ƙoƙari. Na sa Kawu ya tambaye shi, da mun zo a ranar farko fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce tun a hoton da aka aiko daga Jos na hagun ya yi nisa, mai yiwuwa a ceto wani abu, mai yiwuwa a'a, Allah ne masani. Iyakar abin da aka sani ke nan, Ummi. Duk wanda ya gaya miki fiye da haka, ƙari ya yi. Gwaggo ta yi ƙunshi don ta warkar da ni. Na'ura ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Umma kuma ta san abin da take sayarwa da abin da take saye, da bakinta ta ce a ɗaga ranar, kuma ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba.

Aka yi aikin. Umma ta kwanta a kife kamar yadda aka ce, fuskarta a cikin wani matashi mai rami. Ina durƙusawa a ƙasa in ba ta kunu da cokali ta ƙarƙashi, ina karanta kwalabe, ina riƙe ta zuwa bayi kanta a sunkuye. Ni nake sauka in sayo burodi a titin da ban san harshen kowa ba, cikin hon ɗin motoci da ihun masu talla. Wani lokaci in firgita, in tsaya, in ci gaba. Ba zan ce miki na warke ba. Ko jiya da ƙofa ta buga sai da na ƙanƙame ki har kika yi kuka. Amma ina fita.

Ranar da za a cire bandeji, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi, ni ina gaban gado. Likita ya ɗaga audugar a hankali, ya ce ta buɗe. Idon ya yi ja, yana ta ruwa. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta juya kai wajen taga, ta dawo da shi kaina. Ta daɗe tana kallona. Na ce, "Umma, kina gani?"

Ta miƙo hannu, ba lalube, kai tsaye, ta kama gefen ɗankwalina ta ja.

"Ke yanzu haka kike yawo a ƙasar mutane, ɗauri a karkace? Matso in gyara miki."